Haƙorin Makkan Inna da Jar Fitilata

A shekarar da na fara koyar da kimiyya a wata sakandare a Gummi, kaina ya fi ƙarfin hulata. Duk abin da na karanta ranar Laraba, sai na kwaso shi zuwa gida Anka ranar Juma'a na juye wa mutanen da ba su tambaye ni ba.

A lokacin ne aka fara sayar da wata 'yar fitila da ake maƙalawa a makulli, ana ce mata leza. In ka danna, sai ta ajiye jan ɗigo a bango can nesa. Ko sauro ba ta iya kashewa. Na sayi ɗaya a Gusau, na shiga gida bayan la'asar, na tarar da Inna, mahaifiyata, tana tsintar wake tana cin goro.

Inna tana da haƙorin Makka. Shekara da shekaru ta yi tana kiwon tumaki kafin ta sauke farali, kuma duk tsarabar da ta kawo dangi sun wawashe, ban da wannan haƙori. Tun daga nan dariyarta ta ƙaru. Ko labari bai kai a yi dariya ba, sai ta buɗe baki don ya haska.

Na ɗora ɗigon a kan tukunya, na ɗora a kan akuya, sannan na buɗe aji. Na ce a Turai akwai manyan irin wannan fitila. Ana shafa zinariya a kan gilashi, shafin da bai kai ɓawon albasa kauri ba, sai a doke ta da haske mai walƙawa sau ɗaya, wanda ƙiftawar ido ma tafiyar hawainiya ce a wajensa. Kafin zafin ya samu hanyar bazuwa, wurin ya fashe, zinariyar ta watse ta zama ƙwayoyin da ido ba ya gani. In a cikin ruwa aka yi, sai ruwan ya koma ja kamar soɓorodo.

Inna ta daina tsintar wake. "Mi kac ce? Haske na cin zinariya?"

"In ta yi siriri, Inna. Kamar dai wadda ake sa wa haƙori." Shaiɗan ya kama hannuna, na kai ɗigon kan bakinta.

Ta rufe baki gam, ta juya ta tofar da yawu. Shekara arba'in tana cin goro tana tofar da jan yawu, amma sai ranar ta tsaya ta dube shi.

"Ga ta nan ƙasa," in ji ta. "Allah shi isam min da boko."

Na rantse, na maimaita bayani, bayanin ya ƙara ɓata lamarin. Na jefa fitilar a masai a kan idonta, ta ce wa ya san ko ina da wata a aljihu. Wata huɗu Inna ba ta yi dariya a gabana ba. In za ta amsa gaisuwata, sai ta kare baki da gefen mayafi. Ina jin ƙyaƙyatarta daga zaure, ina yin sallama ta ɗauke. Abin ya ci mini rai ƙwarai, har na fara neman dalilin ƙin zuwa gida.

Da kaka, tana shan rake, haƙorin ya fita. Maƙerin zinariya na bakin kasuwa ya ce abin da aka manna shi da shi ne ya gaji, yanzu zai mayar. Inna ta ƙi. Ranar Juma'a ina shigowa ta wage baki, ga ɗan guntun haƙorin da aka goge a Makka, baƙi, ta yi dariya har da hawaye.

"To, malamin boko, haska mu gani. Wanga kam Allah yay yi shi."

Bayan rasuwarta aka buɗe kwallarta, aka sami haƙorin zinariyar a can ƙasa, naɗe cikin baƙar leda har uku, an ɗaure da zare. Ƙannena suka ce ni zan riƙe, tunda ni na jawo. Har yau ina koya wa ɗalibai cewa fitilar makulli ba ta iya komai ga zinariya, kuma gaskiya nake faɗa musu. Ledar dai tana cikin akwatina da ɗaurin Inna, ban taɓa kwance ta a inda haske yake ba.