Kiyashi a Makewayin Kakana

Ƙarfe bakwai da kwata na safe ne, wata Asabar cikin bazara, a gidanmu na Soron Ɗinki. Mu uku ne a tsakar gida: ni, da mahaifiyata, da Gwaggo, ƙanwar kakana. Shekarata tara. An aike ni in cika butar Kaka, sai na tarar da kiyashi sun yi baƙi ƙirin a bakin makewayinsa, daidai inda fitsari ya bushe. Na fito na faɗa da ƙarfi.

Gwaggo ta leƙa, ta dawo ta ce ciwon suga ne, ta taɓa gani a gidan mijinta. Mahaifiyata ta ja kunnena ta ce, "Kada in ƙara jin maganar nan a bakinki."

Ga yadda gidan yake. Mahaifiyata suruka ce, ko sunan Kaka ba ta faɗa. Mahaifina ɗan fari ne, shi da Kaka ba sa haɗa ido. Gwaggo kuwa ba za ta iya yi wa yayanta zancen fitsari ba. Ni kaɗai ke da baki a wurinsa, don jika ce ni, yana kirana amaryarsa, ina ce masa tsoho mai rowa. Ni ɗin aka hana.

Sai Gwaggo ta yi dabararta a ɓoye. Ta cire suga daga kokonsa ta sa zuma, tunda zuma magani ce. Kaka ya yaba, har ya riƙa neman ƙari.

Abin ya zo bi da bi. Da farko ƙishirwa, randa ba ta wuni. Sannan yawan zagayawa. Sannan ido: mutumin da ya shekara arba'in yana yi wa manyan riguna aiki, sai ga shi yana miƙo min allura in zura masa zare. A shekara ta shida ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga.

A asibiti likita ya yi mana bayani. Idan suga ya yi yawa a jini, ƙoda takan kasa riƙe shi, sai ya bi fitsari. Idan aka daɗe a haka, ita ƙodar ke lalacewa, kuma ta Kaka ta riga ta gaza. Ya ce zuma ma suga ce. Ya tambayi lokacin da aka fara lura. Gwaggo ta sunkuyar da kai ta faɗi gaskiya.

Kaka bai yi faɗa ba. Ya juyo inda nake ya ce, "Har da ke, amarya?"

Wata huɗu ana yi masa wankin ƙoda, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu gwajin suga ba ya cin minti biyar, ko a kemis ɗin unguwa ana yi. Kunyar ce dai tana nan yadda na san ta. Don haka ina roƙonku, idan akwai dattijo a gidanku da kuka ga wata alama a jikinsa, ku tsuguna, ku gaishe shi, ku faɗa masa yau.