Bulo Ɗaya, Ƙuri'a Ɗaya

Ma'aikatan masaƙa ne suka gina makarantarmu ta unguwar Romi da hannunsu, ranakun Asabar, a gonar rogon da babana ya bayar kyauta. Da aka gama suka damƙa ta ga kwamitin amintattu, suka ba Baba kujera a ciki. Babu albashi, amma da kujerar nan yake taƙama. Dokarsu mai sauƙi ce: duk wanda ya taɓa aza bulo a ginin makarantar yana da ƙuri'a ranar zaɓen kwamiti. Kirista ne ko Musulmi, ba a tambaya.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ina koyarwa a aji uku, sai ga wani ɗan kwangila daga unguwar Television ya fara mana zarya. Jiya-jiyan nan yake riƙe wa hafsoshi jaka, yau ya ɗinka babbar riga, wai shi ɗan dimokuraɗiyya ne tun yana ciki. Kansila yake nema, ya kuma hango fili da iyayen yara masu katin zaɓe. Ko ajujuwan bai taɓa leƙawa ba.

Ya ce zai yi mana katanga sadaka. Wata Asabar ya sauke siminti da yashi, ya sauke 'yan bangar siyasa cike da motoci. Kowane ƙato ya aza bulo ɗaya, ya karkaɗe hannu, ya koma inuwa yana busa sigari. Ɗaya tak! Magina na haya suka ƙarasa sauran.

Abin da har yau yake ci mini rai, Baba ne ya kwaɓa musu simintin, bakinsa har kunne.

Ya ce, "Kin gani ko? Gayya ba ta mutu ba."

Na ce, "Baba, ruwa fa ba ya tsami banza."

Ya ce bakina ya cika kaifi, ya tura Mama ta dama musu kunu a babbar tukunya. Suka shanye tas, ko sannu babu.

Ranar zaɓen kwamiti ƙattin nan suka dawo, suka cika ɗakin taro har taga. Baba ya miƙe ya ce, "Waɗannan yaran fa?"

Ɗan kwangila ya yi murmushi. "Haba Baba, ai kai ka miƙa musu cokalin gini. Doka ce, kuma ku kuka yi ta."

Na dubi sauran dattawan kwamitin, ko wani zai yi tari. Ina! Duk sun sunkuyar da kai kamar kajin da ruwa ya doka. Sakatare kuwa, mutumin da ya sha cin tuwo a gidanmu, ba a gama ƙirga hannuwa ba ya fara tafi. Tir da wannan hali. Nan take aka ba ɗan kwangila shugabanci, kujerar Baba kuma aka miƙa wa ƙanen matar ɗan kwangilar.

Katangar ta toshe 'yar hanyar da Baba yake bi daga bayan gidanmu kullum da safe, ya ga yara sun yi layi. Ranar Litinin ya zagaya ta bakin titi. Ina tsaye a tagar aji ina kallo. Sabon maigadi, ɗaya daga cikin masu shan kunun nan, ya tare ƙofa da ƙafa.

"Tsoho, wa kake nema?"

Baba ya daɗe yana duban ajujuwan. Sannan ya ce, "Babu kowa," ya juya gida.