Na Gefe, Ku Matso

Ƙarfe bakwai na safe yake shimfiɗa farin tawul a kan tebur, ya jera kyamarorinsa biyu, babba a dama, ƙarama a hagu. Ya hura gilashin kowacce, ya goge da wani ƙyalle mai laushi da ba ya yarda kowa ya taɓa, ya duba batir, ya duba katin memori mai adana hotuna. Sannan ya haɗa shayi kofi ɗaya ya sha a tsaye. Gidan ba motsin kowa sai na agogon bango. Matarsa ta rasu shekara goma sha shida ke nan, 'yarsa tilo tana aure a nesa, don haka idan ya ja ƙofa ya kulle ba mai ce masa a dawo lafiya. Haka ya yi ta yi har makon jiya, da ya ajiye aikin ɗaukar hoto bayan shekara talatin da ɗaya.

Ni wankin hoto nake yi, kuma shagona yake kawo aikinsa tun ina da gashi a ka. Mai wanki ya fi kowa sanin mai hoto, domin ni nake ganin abin da ya ɗauko da abin da ya bari a baya. A cikin sana'armu ba mai kiransa da sunansa. Na-Gefe muke ce masa, saboda duk taron da ya je, kafin ya danna sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na gefe, ku matso." Ya faɗe ta a ɗakunan biki, a harabar makarantu, a ofisoshi, har yara kan bi shi a titi suna kwaikwayonsa. Shi ne nake so in yi wa jinjina yau, tun yana da ransa yana iya karantawa.

Samarin da suka shigo sana'ar yanzu suna da wata gardama da suka mai da shagona filinta, har kaina kan yi ciwo. A cikin kowace kyamara akwai ɗan faranti da haske ke sauka a kansa, shi ne idonta. Mai babban ido, wadda suke ce wa ful-firem, tana kwaso faɗin wuri kuma ba ta tsoron ɗaki mai duhu-duhu, sai dai nauyi da tsada. Mai ƙaramin ido, kurof, ba ta gajiyar da kafaɗa, tana jawo na nesa kusa, amma idan ka ɗaura mata gilashi iri ɗaya da na babbar sai ta ɗauki tsakiya ta bar gefe da gefe. A kan wannan ne za su yi ta ɗaga jijiyar wuya awa biyu, wasunsu ko hannunsu bai gama tsayawa ba.

Ran nan ɗaya daga cikinsu ya juyo wajen Na-Gefe, wanda ke zaune a kan benci yana jiran aikinsa ya fito.

"Baba, ni dai babbar zan saya. Ka ga yadda take narkar da baya? Amarya ta fito ras, sauran duk su zama hayaƙi."

"Sauran su wane ne?"

"Jama'a mana, Baba."

"To a cikin jama'ar nan akwai uwarta, akwai wanda ya yi tafiyar kwana biyu ya zo. Kai kuma ka mai da su hayaƙi."

Saurayin ya sosa ƙeya ya ce to wacce zai saya. Na-Gefe ya ce masa ya fara auna ɗakin da zai yi aiki a ciki, ya dubi haskensa, ya ƙirga mutanen, sannan ya tambayi kafaɗarsa ko za ta iya yini. Idan bidiyo zai yi daga ƙarshen zaure, ƙaramar ta ishe shi har da ƙari. Idan kuma mutum hamsin za a jera masa a ɗaki mai matsi, bango a bayansa, ya nemi babbar. Daga nan ya karɓi ambulan ɗinsa ya fita. Ban taɓa jin an kashe gardamar nan da 'yan kalmomi haka ba, amma washegari suka dawo suka ɗora daga inda suka tsaya.

Shi kansa da duka biyun yake aiki. Idan ana jawabi ko ana rawa, za ka same shi can baya kusa da ƙofa, ƙaramar a kan ƙafafunta uku, ya yi tsaye awa uku kamar an dasa shi. Daga can yake kamo abin da ba wanda ya lura da shi. Wata amarya ta taɓa zuwa shagona karɓar albam, ta ce ita ba ta taɓa sanin babanta yana kuka ba sai da ta kalli bidiyon bikinta, ta gan shi ya cire hula yana goge ido da ita a bayan ginshiƙi. Da Na-Gefe ya matsa kusa, da dattijon ya gyara fuska. Idan an zo rabon abinci kuwa, sau da yawa akan manta da mutumin da ke bakin ƙofa. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Masu rabon ne ke ba ni labari daga baya, suna jin kunya.

Amma da an ce a taru a yi hoton kowa da kowa, sai ya rataye ƙaramar ya ɗauko babbar. A nan ne ake ganin taurin kansa. Akwai wata makaranta da yake ɗaukar hoton ma'aikatanta duk shekara. Shekara goma sha biyu da suka wuce, malamai sun jeru, shugaba a tsakiya, rana tana dukan kowa, sai ya sauke kyamara ya ƙi dannawa. Ya hango mai shara tsaye a jikin bango da tsintsiya a hannu, tana kallo. Ya ce mata, "Iya, matso." Ta ce ita ai ba ta ciki. Ya ce shi an ce masa hoton ma'aikata zai ɗauka, ko ita baƙuwa ce? Aka yi dariya, wani ya matsa mata. Ita da kanta ta gaya mini cewa shekararta ashirin tana share wannan haraba, ranar ce aka fara sa ta a hoto, kuma hoton yana nan a ɗakinta sama da gado.

Na san inda wannan taurin kai ya samo asali, kuma sai da ya ba ni izini na rubuta. Da, da kyamarar fim yake aiki, wadda faɗinta daidai yake da na babbar ta yanzu. Ƙafarsa ta haddace ta. Ya san idan ya ja taku bakwai da baya da gilashinsa na kullum, mutum goma za su shiga har da ragowar wuri. Da zamani ya juya ya sayi sabuwar kyamara, ƙaramar ya fara samu, ya ɗaura mata tsohon gilashinsa. Kwananta uku a hannunsa aka zo ranar da 'yarsa za ta tafi karatu. Dangi suka taru a tsakar gida, mota na jira a waje tana ta oda. Ya jera su, ya ƙirga takunsa bakwai, ya ɗora kyamarar a kan tebur ko leƙawa bai yi ba, ya saita ta ta danna da kanta, ya ruga ya tsaya a ƙarshen layi. Matarsa, wadda kullum in ya ɗaga kyamara sai ta ce ya bari sai ta shirya, ranar ta yarda. Ta fito daga kicin tana goge hannu, ta tsaya a ɗaya ƙarshen.

Ni na wanke hoton. Mutum takwas ne a ciki. A gefen hagu akwai kafaɗar wani namiji, a gefen dama akwai hannun mace mai zobe, ya dafa kafaɗar yarinyar. Da ya zo karɓa na ce masa, "Yaya, in datse hannun nan ne? Ya ɓata hoton." Ya ce in bari. Wata huɗu bayan nan matar ta rasu, kuma ban da na katin shaidarta ba shi da wani hotonta sai wannan hannun. Har yau in na tuna tambayar da na yi masa kunya takan rufe ni.

Tun daga nan bai sake yarda da taku ba. Da ya samu hali ya sayi babbar, kuma ba ya dannawa sai ya bi kusurwa huɗu da ido. Tun daga nan kuma bai sake tsayawa a gaban kyamara ba.

Yaya, kai ne wanda ya yi kuskure sau ɗaya a tsakar gidansa, ya yi shekara goma sha shida yana gyara shi a gidajen mutane. Kai ne mai ganin wanda ya maƙale a jikin bango. Dubban ɗakuna suna da hoton da ya fito daga hannunka, masu ɗakunan ba su san ko kamanninka ba.

Bana kafaɗarsa ta ce ta gaji, hannun dama kuma ya fara rawa. Likita ya ce ya daina ɗaukar nauyi. Na yi masa faɗa sosai, don na san in ya bar aikin nan ba abin da zai ƙara fitar da shi cikin mutane. Na ce ya ajiye babbar, ya sa wa ƙaramar gilashi mai faɗi, ai yanzu ana yinsu, ya ci gaba da abinsa. Ya ce ya gwada, a ɗaki mai matsi gilashin yana karkatar da fuskar na gefe, kuma in haske ya yi ƙasa, da hannu mai rawa su ne za su fara dishewa. "Mai Wanki," in ji shi, "na gefe ba su yi mini laifin komai ba." Na ji haushinsa ranar, kuma har yanzu ban tabbata ya yi daidai ba.

Ana cikin haka ne 'yarsa ta kira ni a waya. Ta ce, "Kawu, ka duba mini hoton Baba ko ɗaya ne, ina so in rataya a falo. In na tambaye shi sai ya canza magana." Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne. Yini biyu na yi ina bin aikinsa na shekara da shekaru a cikin na'urata. Na samu inuwarsa a kan ciyawa. Na same shi a jikin ƙofar wata mota, kyamara ta rufe masa fuska. Shi ke nan. Na zauna a shago ni kaɗai.

Aikinsa na ƙarshe a waccan makarantar ne, hoton ma'aikata. Na bi shi don in riƙe masa jaka. Ya kafa babbar a kan ƙafafunta, ya jera mutane, ya bi kusurwa huɗu, ya ɗaga hannu zai yi maganarsa. Sai wata murya ta riga shi daga ƙarshen layi. Mai sharar nan ce, ta tsufa, tana dogara sanda.

"Na gefe, matso."

Ya waiwaya bayansa, yana zaton da wani take.

"Da kai nake, Malam. An ce yau ka gama. Shekara nawa kana zuwa gidan nan, ko kai baƙo ne?"

"Iya, to wa zai danna?"

Na ajiye jakar na ce ga ni. Ya dube ni ya ce ni da ban taɓa ɗaukar ko hoton akuya ba. Na ce ai na wanke nasa kurakuran, na san inda ake faɗawa. Malamai suka fara kiransa, ɗaya bayan ɗaya. Hannunsa na kan kyamarar. Sannan ya sake ta, ya tafi a hankali ya tsaya a can ƙarshe, kusa da tsohuwar, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Na leƙa, na bi kusurwa huɗu yadda na ga yana yi, na danna sau uku don tsoro.

Washegari ya zo shago. Na miƙa masa hoton. Bai dubi kansa ba. Idonsa ya fara zuwa ɗaya ƙarshen, na dama, ya tsaya a can har na fara gyara takardu don in ba shi wuri.

"Kowa ya shiga?" ya tambaye ni.

"Kowa ya shiga, Yaya."

Ya ce in wanke biyu, ɗaya a aika wa yarinyar. Ɗayan yanzu yana kan teburin da yake shimfiɗa tawul, jingine da wancan mai hannu da zobe.

Mun gode, Na-Gefe. Allah ya saka maka da alheri, ya ba kafaɗar nan sauƙi, ya jiƙan mai zoben. Ku kuma samari, ku sayi wadda kuka ga ta dace da ɗakinku da kafaɗarku, ba ruwana, amma ku bi kusurwa huɗu kafin ku danna. Sauran jama'a, in an gama jera ku a taro, ku dubi wanda ke bayan kyamarar, ku tambaye shi ko ya ci abinci.

Jiya da la'asar na bi ta gidansa. Ƙofa a buɗe, yana zaune shi kaɗai a ƙarshen dogon benci, can gefe, duk sauran wurin ba kowa. Na zauna a tsakiya na ce masa ya matso. Ya matso.