Jita ta Biyu a Motar Rabe

A Zahir, wata unguwa a garin Harami, aka haifi Rabe, jikan wani Basakkwace da ya zo aikin hajji bai koma ba. Sana'arsa ɗauko kaya daga Jidda, turare da dadduma da carbi, ya rarraba wa masu shaguna a unguwar Kudai, a wata tsohuwar a-kori-kura da ya gada wurin mahaifinsa.

Yana saurayi wani makanike ɗan Filifin a Jidda ya ba shi kaset ɗin kiɗan Turawa da ake kira pank: ganga kamar ana koro mutum, jita mai ƙaraji, mawaƙi yana ihu kamar an taka masa ƙafa. Rabe ya ji, abin ya shige shi. Da yake mahaifinsa ba ya son kiɗa a gida, a cikin a-kori-kurar nan kaɗai yake saurare, sai ya fita iyakar Harami sannan ya murɗa. Har ya yi furfura bai sauya wannan ɗabi'a ba.

Abokin musunsa Talal ne, ɗan ƙanen mahaifinsa, mai shagon kayan lantarki, wanda ke da jita da amfilifaya, akwatin ƙara sauti, a ɗakinsa. Kullum suka zauna shan shayi bayan la'asar, zancen ke nan. Rabe ya dage cewa daɗin wannan kaset shi ne jita ɗaya tak, busasshiya, ba kwalliya. Talal ya ce biyu ne.

"Ya shek, ɗaya ce! Tun kana tsoron kiɗan nan nake jinsa."

"Wallahi biyu, ya Rabe. Ta biyun ma ta fi kauri, amfilifayarta har gurnani take."

Talal ya kunna masa a waya. Rabe ya ji wata jita tana ratsowa, ya ture wayar. "Wannan sabon haɗi ne. Yaran zamani sun ƙara gishiri don su sayar."

Wata Asabar motar Talal ta lalace, ya bi Rabe zuwa Jidda. Suna wuce shingen Shumaisi, inda iyakar Harami ta ƙare, Rabe ya danna kaset yana murmushi, yau za a kashe magana. Talal ya saurara, ya karkata kai, ya manna kunne a jikin ƙofarsa. Shiru. Ya sa aka tsaya, ya ɓalle murfin sifikar dama, sai ga waya a tsinke, ta yi tsatsa. Ya fere ta da haƙori ya haɗa.

Jita ta biyu ta faɗo cikin motar kamar an buɗe taga.

Rabe ya riƙe sitiyari, baki buɗe. Can ya ce, "Dama tana nan?"

"Tun kafin ka auri Suhaila."

Dariya ta ƙwace wa Rabe har da hawaye, yana dukan cinyarsa. Bai yarda an kayar da shi duka ba, ya ce tasa jitar ta hagu ta fi iya kiɗa, ta daman hayaniya ce kawai. Talal ya ce halas, shi ke nan, a bar wannan sai gobe wurin shayi.

Da ya koma gida ya jawo kwalin kasakasansa daga ƙarƙashin gado, yana kaɗe su ɗaya bayan ɗaya. Suhaila ta tambaye shi ko zubarwa zai yi.

"Ina! Rabin kiɗa kawai na ji a kowanne. Gobe da wuri zan fita, kuma ta doguwar hanya zan bi."