Ranar da Inna ta kira sunana

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" take ce mini, in a gaban mutane ne kuma ta ce "wancan yaron". Har na yi furfura ban tashi daga wancan yaron ba.

Da mantuwa ta kama ta, ta kai tana zuba gishiri sau uku a miyar kifi, sai muka ji wasu likitoci a Gashuwa suna gwada sabon maganin ruɗewar tsufa. Na sa hannu a takarda. Duk wata nakan ɗauko ta daga Nguru a motar haya, a ɗebi jini, sannan likita ta zaunar da ita ta yi mata tambayoyi. Likitar 'yar kudu ce, mai haƙuri, Hausarta ta kasuwa. Yau wace rana? Ina muke? A ƙarshe ta nuna ni ta ce, "Mama, wannan yaya sunansa?"

Inna takan kau da kai ta gyara mayafi, likita ta rubuta cewa ta manta. Ba a yarda ɗan rakiya ya sa baki ba, ni kuma gaskiya shirun nan daɗi yake mini. Da shi nake nawa awon: muddin tana jin kunyar sunan, ta san wanda ta haifa.

A wata na bakwai aka zo kan tambayar. Inna ta ƙare mini kallo, ta faɗi sunan rangaɗau, har da na mahaifina, kamar mai kiran fasinja a tasha.

Likita ta yi murna, ta ce da alama magani ya fara aiki. Sai da aka gama na faɗa mata al'adarmu. Ta janyo takardar ta soke abin da ta rubuta.

A hanyar komawa Inna ta zauna ta bakin taga tana kallon gonakin gero. Mun wuce Jajimaji kenan ta taɓa mini hannu.

"Malam, kana da kirki. Mahaifiyarka tana nan da rai?"

Na ce tana nan.

"To, ka gaishe ta."

Na ce za ta ji.