Baba Zarto da Akwatunan Komawa Gida

Kowace safiya, kafin gandirobobin ƙofa su yi canjin aiki, za ka ga wani gajeren dattijo yana turo kekensa, da guntun itace ɗaure a bayan sirdi. Masu tsaron gidan yarin sun daɗe da daina tambayarsa abin da ya ɗauko, sai dai tsokana.

"Baba Zarto, yau kuma murhun wa ka yi wa fashi?"

"Na matarka ne," in ji shi. "Ta ce yau ɗanye za ka ci."

A yi dariya, a buɗe masa, ya wuce ɗakin koyon kafinta da ke can ƙarshen gidan. Dogon ɗaki ne mai tagogi da sandunan ƙarfe. A bango akwai allon da ya zana siffar kowane kayan aiki da jan fenti, zarto a gurbin zarto, guduma a gurbin guduma, don in abu ya ɓace a gani da ido ɗaya. Nan ya yi shekara talatin da 'yan kai yana koya wa fursunoni sana'a. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ga bai kamata ya fita shiru kamar yadda ya shigo ba.

Abin da aka ɗauke shi ya koyar shi ne benci da ƙofa da teburin makaranta, kuma ya koyar. Amma akwai wani aikin da babu wanda ya sa shi. Farkon zuwansa, ya ga an sallami wani mutum da hantsi. Da ya tashi aiki da yamma, sai ya tarar da shi zaune a tsallaken titi, da 'yar ledar kayansa a cinya. Ya tambaye shi ko kuɗin mota ne babu. Mutumin ya ce akwai, kunya ce dai ta hana shi tunkarar 'ya'yansa hannu rabbana bayan shekaru. Baba Zarto ya ce ranar tura keken ya yi har gida, ya kasa hawa.

Tun daga nan, duk wanda fitarsa ta matso, sai ya ja shi teburin ƙurya ya ce, "Za ka yi wa wani akwati. Wa ka fi jin nauyin haɗa ido da shi?"

Akwatin bai wuce tafin hannu biyu ba. Itacen kuwa Baba ne ke nemo shi da kansa wajen masu yankan katako: kututture, da mahaɗar rassa, da wurin da bishiya ta yi ƙulli ta murɗe. Masu yin kujeru ba sa so, don yana dakushe musu zarto. Amma in aka yanka shi siriri, aka bi shi da magagari, aka goge har ya yi santsi, aka shafa masa mai, sai ka ga zane ya taso daga cikinsa, wani kamar igiyar ruwa, wani kamar hayaƙi, wani ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo. Ba a sa ƙusa ko ɗaya. Haƙora ake yanka wa gefunan, su shiga juna kamar yatsun hannu biyu, murfin kuma ya riƙa zamewa cikin siririn layi. Mutumin da bai taɓa haƙuri da komai ba a duniya, sai ka gan shi ya duƙufa makonni kan abin da zai shiga aljihun riga.

Matarsa takan ce wa maƙwabta, "Duk garin nan an samu akwatin Malam, ban da ni. Allurata a gwangwanin madara take." Shi kuma ya ce, "Ai sai kin yi laifi an kawo ki wajenmu." Ta ce zama da shi ma ɗaurin rai-da-rai ne, a kawo mata nata.

Cikin duk waɗanda suka bi ta hannunsa, gandirobobi sun fi ba da labarin wani da ake kira Direba. Ƙato ne, tsohon direban babbar mota, wanda faɗa ya haɗa shi da wani a tasha, ya ɗaga ƙarfen taya ya nakasa mutum. Ya shigo ya bar 'yarsa tana koyon tafiya. Lokacin da fitarsa ta matso, yarinyar ta zama budurwa, ta buɗe shagon ɗinki, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa duba shi ba.

Da Baba ya yi masa tambayar da ya saba, Direba ya ce, "'Yata. Amma Baba, me zan sa mata a ciki? Ba ni da ko allura."

"Naka shi ne akwati. Abin da za a sa ciki, mai shi ce za ta sani."

Ya fara aiki da manyan yatsunsa, ya ɓata, ya sake. Akwatin ya kusa haɗuwa ke nan sai ƙaninsa ya zo ziyara. A can ne ya gaya masa cewa yarinyar ta ce ita ba ta da uba, kada a kawo mata kowa ƙofar shago. Direba ya dawo ɗakin aiki idonsa jawur. Ya ɗauki guduma ya sauke ta kan akwatin, ya ƙara, ya ƙara, har ya zama ɓaraguzai. Fursunoni suka manne da bango. Gandiroban da ke tsaron ɗakin ya kai hannu ga usur.

Wannan gandiroban ne ya ba ni labarin. Ya ce Baba bai ja da baya ba ko taku ɗaya. Ya tako har gaban ƙaton, ya miƙa tafin hannu kamar mai karɓar canji, ya ce, "Ɗana, ba ni gudumar, ta gama aikinta." Direba ya dube shi, ya dubi gudumar, ya ajiye masa ita a hannu, sannan ya durƙushe yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Magana ta kai ga shugaban gidan. Ya ce mutumin da ya shigo da laifin duka, ya kuma ɗaga guduma cikin fushi, ba zai sake taɓa kayan aiki ba, kuma shi kansa ɗakin sai an sake duba zamansa. Shugaban ba mugu ba ne, rayukan mutane ne a wuyansa. Baba ya tsaya gabansa da hula a hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan karon da ransa ya ɓaci mutum ya buga. Wannan karon akwai mutane kewaye da shi, katako ya buga. Ni a wajena ci gaba ne. A bar mini shi. In ya taɓa wani, a fara sallamata kafin a hukunta shi."

Aka bar masa shi, da sharaɗin gandiroba ya tsaya a kansa.

Baba Zarto, kai ne ka jingina aikinka da abincin iyalinka saboda mutumin da danginsa ma sun sallama shi. Kai ne washegari ka shigo da sabon kututture a bayan keke, ka dire shi gaban Direba ba tare da wa'azi ba, ka ce, "Wancan dama haƙoransa sun karkace. Fara." Bango majinginar gajiyayyu, sannu da aiki.

Akwati na biyu ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba. Jan itace ne mai duhu, zanen murfinsa kamar ruwa na juyawa a kwano. Ranar da aka sallami Direba babu wanda ya zo tarbarsa. Baba ya nemi izini, ya raka shi har shagon ɗinkin, yana tura keke suna tafiya.

Yarinyar na kan keken ɗinki. Ta ɗago ta gaida Baba da ladabi, ta ƙi kallon na bayansa. Direba ya miƙa mata akwatin da hannu biyu.

"A ajiye can," ta ce, ta ci gaba da taka kekenta.

Suka fito. Direba ya ce, "Baba, ka gani ko?"

"Na gani. Ba ta ce ka tafi da shi ba."

Baba ya sama masa aiki wajen wani tsohon ɗalibinsa mai yin ƙofofi. Watanni suka wuce babu labari. Da damina ta yi nisa, sai Baba ya ɗauki wata rigarsa da aljihunta ya yage, ya nufi shagon, duk da cewa akwai tela a ƙofar gidansa. Yana shiga ya hango akwatin a gefen keken ɗinki, murfin a buɗe rabi, cike da maɓallai da ƙananan zare. Ya yi kamar bai gani ba.

Tana ɗinke aljihun ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Baba, murfin abin nan yana cijewa. Tun da aka fara ruwa ba ya rufuwa."

Ya ɗauka ya duba. Danshi ne ya kumbura katakon. Akwai guntun takardar goge katako a aljihun wandonsa, ba ya rabo da ita, shafa biyu za ta gyara shi. Ya mayar da akwatin inda ya ɗauke shi.

"Gaskiya ya cije, 'yata. Sai dai mu kafintoci ba ma taɓa aikin wani. Wanda ya yi shi ne zai gyara."

Ta gama ɗinkin, ta cije zaren da haƙori. Sannan ta ce, "To a gaya masa ya zo."

Direba ya je washegari, da wanka da sabuwar riga. Gyaran da bai kai shan ruwa ba, ya yini yana yi. Yau shi ne ya yi mata kantocin shagon, kuma maƙwabta sun ce tana aika masa abincin rana. Ba ta fara kiransa Abba a gaban mutane ba tukuna. Baba ya ce a bar ta, itacen da aka matsa wa tsagewa yake yi.

Ba duka ne suka ƙare haka ba, shi ma bai taɓa cewa haka ba. Akwai waɗanda aka mayar musu da akwatinsu, akwai waɗanda suka sake dawowa gidan yari. In suka dawo, yakan tarbe su da faɗa, ya kuma miƙa musu zarto.

Baba Zarto, mun gode. Iyayen da suka ga 'ya'yansu sun dawo da sana'a sun gode, haka matan da aka ƙwanƙwasa musu ƙofa da abu a hannu. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa idanunka haske, ya kuma ba ka ikon yi wa uwargida nata akwatin kafin ta kai ƙara.

Mu kuma da muka rage, ba sai mun iya riƙe zarto ba. Kusan kowace unguwa akwai wanda ya dawo daga inda ba a son faɗa, yana tafe yana sunkuyar da kai. In ka gan shi, ka riga shi yin sallama. In kana da aiki, ka gwada shi. In kuma ya tsaya a ƙofar gidansu ƙafa ta yi masa nauyi, ka raka shi ciki.