Ranar da Alhaji Sule ya tausaya wa mutanen Rum

"Wannan kangon aka kawo mu gani?" Abin da Alhaji Sule ya fara faɗa ke nan da muka tsaya gaban wani katafaren tsohon gini a birnin Rum, rabinsa a rushe.

Lokacin kuɗin mai ya shigo, gwamnati na ta tura ma'aikata kwas waje. Mu biyu aka ɗauko daga Wudil, ni da shi. Dattijo ne ɗan Indabo, ba ya jin Turanci, don haka ni ne tafintansa.

Baturen da ke zagayawa da mu ya ce ginin ya kusa shekara dubu biyu. Na fassara.

Alhaji ya girgiza kai. "Har yau magada ba su gyara ba? Ka gaya masa kada su ji kunya, talauci ba abin zagi ba ne. Yanzu Allah ya buɗa wa ƙasarmu, in mun koma zan yi magana a aiko musu da siminti."

Gumi ya keto mini. Na ce wa Baturen, "Ya ce ginin ya burge shi ƙwarai."

Baturen ya kama hannun Alhaji yana ta godiya. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ka gani? Dama jira suke wani ya yi musu tayi."

Ɗazu jikata ta nuna mini hoton wurin a waya, yana nan yadda muka bar shi. Allah ya jiƙan Alhaji, simintinsa bai iso ba. Da ku ne tafintan, me za ku ce wa Baturen?